Yadda Za Ka Bi Zaren Labarin Scooby-Doo

Yara a unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra sukan yi gardama idan suka ga Scooby-Doo, karen nan na shirin katun, da abokansa masu binciken dodanni sun koma wani gari, ko suka ga ɗan karen nan Scrappy-Doo ya ɓace babu bayani. Idan kana son raba gardamar, fara da duba shekarar da kowane shiri ya fito. Kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ne ya fitar da na farko a 1969, inda galibi dodon mutum ne da ya rufe fuska, kuma sai a 1979 aka shigo da Scrappy.

Daga nan sai ka ware kowane shiri da garinsa. Na 1988, wanda suke ƙanana a cikinsa, yana Coolsville, na 2010 zuwa 2013 kuwa yana Crystal Cove, kuma wannan lallai ne a kalle shi a jere, domin fitowarsa 52 labari guda ne mai ci gaba. A ganina kuskure ne a tilasta musu dacewa da juna, tunda marubuta daban-daban suka tsara su. Fim ɗin 1998 kuwa ka ajiye shi gefe guda, domin dodanninsa na gaske ne.