Yadda Ake Tantance Fim ɗin Almara Kafin a Kunna wa Yara a Falo

Kuskuren da na fi gani wurin iyaye shi ne yanke hukunci da fosta. An ga yaro riƙe da takobi, ga wani dodo mai fukafukai a bayansa, sai a ce, "Ai na yara ne." A kunna, a miƙa wa babbansu rimot, uwa ta shige kicin, uba ya fita majalisa. Ni ma haka nake yi a da, sai da abin ya ritsa da ni a cikin falona, zan zo kan wannan. Yadda ake nemo fim ko saukar da shi kuwa ba zan ɓata lokaci a kai ba, yaranka sun fi ka iyawa.

Fara da gano ainihin sunan fim ɗin da shekarar da ya fito. Kamar wasa, amma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Fim ɗin da aka tura maka a memori ko filash a shagon masu turi ba ya zuwa da kwali, sau da yawa ma sunan da ke jikinsa wani ne ya laƙaba masa yadda ransa ya so. Ja shi zuwa inda rubutu ke fitowa, ka kwafi sunan harafi da harafi. Akwai wani fim na Sifaniyanci da ya fito a 2006, Pan's Labyrinth. Yarinya ce ƙarama, ga wasu halittu masu fiffike kamar fara, ga gidan sarauta a ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya ga hotonsa zai rantse tatsuniya ce. To a Amurka R aka ba shi, wato ɗan ƙasa da sha bakwai sai da babba, a Birtaniya 15, wato sai mai shekara sha biyar, kuma tun kafin labari ya yi nisa wani soja ke farfasa fuskar mutum da kwalba. Fim ne na manya da ya ari rigar yara. In ba ka san sunansa ba, ta ina za ka gane?

Daga nan sai harafin da hukumar tacewa ta ba shi. Na Amurka su ne G, PG, PG-13, R da NC-17. Na Birtaniya akwai U, PG, 12A, 12, 15 da 18. Tamu ta Najeriya, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1993, tana amfani da G, PG, 12, 12A, 15 da 18, sai dai fim ɗin da ya zo ta memori ba lallai ne ya taɓa bi ta teburinta ba. Mafi yawan fina-finan almara na yara PG ne, kuma PG buhu ne mai faɗin baki, komai zubawa ake yi. Ma'anarsa kawai iyaye su duba. Wato aikin da kake gudu shi aka maido maka.

A nan shekarar da na ce ka rubuta take amfani. Kafin watan Yulin 1984 babu PG-13 sam, wato harafin da ke jan kunnen iyaye kan 'yan ƙasa da shekara sha uku. Ƙorafin iyaye kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, wanda a cikinsa ake zaro zuciyar mutum daga ƙirjinsa yana raye, shi ya sa aka ƙirƙiro shi, kuma su biyun PG aka ba su. Saboda haka tsohon fim mai PG ka ɗauke shi kamar PG-13 har sai ka gani da idonka. Haka kuma kashi na ɗaya ba ya tsaya wa na huɗu. Harry Potter uku na farko PG ne a Amurka, na huɗun da ya fito a 2005 ya koma PG-13, a cikinsa ake kashe ɗalibi a maƙabarta. 'Yan wasan girma suke yi daga fim zuwa fim, labarin na ƙara duhu, ɗanka kuwa a hutu ɗaya zai so ya cinye su duka yana ɗan shekara takwas.

Mataki na uku shi ne wanda na tsallake, na kuma ji a jikina: karanta ƙarshen labarin kafin yara su gani.

Hutun ƙaramar Sallah ne, gida ya cika da 'ya'yan 'yan uwa. Na kunna musu Bridge to Terabithia na 2007. Na yi abin da nake ganin ya isa: PG ne, na kalli tallansa, wasu manyan halittu ne a daji da yara biyu suna gudu. Ashe halittun nan duk a tunanin yaran suke, ba su ne labarin ba. Labarin yaro ne da ƙawarsa da suke tsallaka rafi da lilon igiya zuwa wani daji da suka mai da masarautarsu. Ina kishingiɗe ina danna waya sai na ji falon ya yi tsit, irin shirun da ba a saba ji daga yara tara ba. Yaron ya dawo daga yawon da malamarsa ta kai shi, ya tarar da gidansu a rikice, aka gaya masa igiya ta tsinke, yarinyar ta faɗa ruwa ta mutu. Ba a nuna gawa ba, ba jini ko ɗigo. 'Yata, tana da shekara bakwai a lokacin, ta juyo ta ce, "Abba, yaushe za ta dawo?" Na ce mu dai ci gaba da kallo, don ni ma ban sani ba. Ta saba a irin waɗannan fina-finai in mutumin kirki ya mutu, wani haske zai sauko ya tashi. Ta zauna har rubutun ƙarshe ya gama hawa tana jira. Daren nan a ɗakin mamanta ta kwana, lilon da ke ɗaure a darbejiyar ƙofar gida kuwa ta daɗe ba ta ko kalle shi ba.

Fim ɗin ba shi da laifi, yana da kyau ƙwarai, ɗan shekara sha ɗaya da babba a gefensa zai ƙaru da shi. Laifina ne da na bar mai talla ya yi min zaɓi. Talla aikinsa sayar da tikiti, ba zai taɓa nuna maka mutuwar da ke jira a gaba ba.

Abin da nake yi yanzu ba ya cin minti biyar. Buɗe shafin fim ɗin a Wikipedia, je inda aka ba da labarin, karanta sakin layi biyu na ƙarshe. Su ba sa ɓoye komai. Tambaya uku kake nema: wa ya mutu, ta yaya, kuma ya dawo ko bai dawo ba? Sannan ka leƙa IMDb, shafin bayanan fina-finai, akwai sashen jagorar iyaye da aka raba gida biyar: tsiraici, duka da jini, ashar, giya da taba, sai wuraren firgita. Mutane kan tsaya a na farko su rufe. Na biyar ɗin ne naka. Common Sense Media, shafin da ke auna fina-finai don iyaye, su kuma shekaru suke bayarwa kai tsaye, su ce daga tara ko daga goma. Ni ina ƙara shekara ɗaya a kan abin da suka faɗa, ban taɓa nadama ba. Eh, ka ɓata wa kanka daɗin labari. Haƙuri za ka yi, ba don kai aka kunna ba.

Kuma ka san irin tsoron da kake nema. Dodo mai gurnani da wuta a baki ba shi ne matsala ba, yara ihu suke yi su ɓuya a bayan matashi suna dariya, gobe su ce a maimaita. Abin da ke bin yaro har gado shi ne abin da ya yi kama da gidansu. A Coraline na 2009, PG ne shi ma, yarinya ta tarar da wata uwa sak tata, sai dai maɓallai ne a madadin idanu. A Spirited Away na 2001 iyayen yarinyar ne suka rikiɗe suka koma aladu, ta dawo ta tarar da su haka. Uwa da ta canza, uba da ya ɓace, yaro da aka bari shi kaɗai: in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kuma akwai ɗan ƙasa da shekara takwas a gidan, ajiye shi sai gaba.

Bayan karatu, kalla da kanka, amma ba duka ba, wa ke da wannan lokacin? Minti goma na farko, sannan ka ja zuwa kashi biyu bisa uku ka bi shi har ƙarshe, don a nan marubuta ke jefa jarumi a rami mafi zurfi. Manhajar kallon bidiyo ta VLC na ba da damar ninka gudu. Kada ka kashe sauti, rabin tsoron a kiɗa yake. In data ce damuwarka, sauke mai ƙaramin nauyi da daddare lokacin da ta fi araha, dubawa za ka yi ba biki ba.

Duk waɗancan shafuka da ma'aunin mutanensu suke awo, akwai abin da ba za su auna maka ba. Sumba a wurinsu ba komai ba ce, za su rubuta "kaɗan" su wuce, kai kuwa ka san yadda falo ke zama in ta faɗo ana zaune da Hajiya, kowa ya shiga neman abin kallo a silin. Rubuta mintin a takarda, rimot a hannunka. Sai batun sihiri. Fim ɗin almara ba ya rabuwa da shi, kuma gida gida ne: wani bai ɗauke shi ya wuce tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba, wani ko sandar tsafi ba ya son gani a allonsa. Ku yanke kai da uwargida tun kafin a kunna, ba a tsakiyar fim ba yara sun riga sun kamu. Ka kuma san abin da labari ke ɗauke da shi. Narnia na 2005, inda aka yanka zaki a kan teburin dutse ya sake tashi, marubucin littafin, C. S. Lewis, da labarin Almasihu a ransa ya rubuta shi. Gidan Kirista za su so su nuna wa yara wannan, gidan Musulmi za su so su san amsar da za su bayar in an tambaya.

In mai fassarar Hausa ne, duk binciken da ka yi rabi ne. Harafin da aka ba fim na asalinsa ne, bai shafi abin da mai fassara ya ƙara daga bakinsa ba. Na taɓa jin an sa wa wani dodo ashar irin ta tasha don a ba da dariya, washegari ita autana yake rerawa a tsakar gida. Wannan sai ka saurara da kunnenka, ba shafin da zai gaya maka.

Sauran ba wuya. Da mafi ƙanƙanta a ɗakin ake awo, ba da babba ba, in babban ya yi ƙorafi a ba shi nasa ranar daban. Duba tsawo: Harry Potter na farko ya haura awa biyu da rabi, in ka kunna bayan Isha'i ƙananan za su yi barci a daidai wurin da ya fi tsoro ba su ga an yi nasara ba, ga man janareta. Asabar da hantsi ya fi. Bar fitila a kunne. Sa lambar sirri a Netflix ko DStv, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka, sun sani. Kallon farko ka zauna tare da su, wayar kuma a bar ta a caji a ɗaki.