Kurakuran da masu kallon tsofaffin katun suka fi tafkawa

Wanda ya fi ɓata rai shi ne mutum ya kalli Yogi Bear ko Flintstones na minti biyu, ya ga baki kaɗai ke motsi, bishiya guda tana ta wucewa a baya, ya taɓe baki ya ce aikin lalaci ne. Matsalar kuɗi ce. A 1957 kamfanin fim na MGM ya rufe sashen katun ɗinsa, William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro Yogi da Flintstones, suka koma talabijin, inda ake son shiri duk mako da kuɗin da bai kama ƙafar na sinima ba. Shi ya sa aka sa wa Yogi kwala da nakatayi: a zana gangar jiki sau ɗaya, kai kawai a riƙa sauyawa. Sai nauyin wasan ya koma kan murya. A Amurka murya ake fara ɗauka, sannan mai zane ya bi ta gaɓa-gaɓa yana daidaita baki. To wanda ya ƙura wa zanen ido ya toshe kunne, me ya kalla? Ni dai ƙa'idata, in kife waya in saurara na minti biyar kafin in duba allo. Gwada da ɗan wasan murya Daws Butler: shi ne Yogi, shi ne Huckleberry Hound, shi ne Quick Draw McGraw. Ka lura da inda yake jan numfashi da inda yake yin shiru, nan gwanintar take.

Na biyu, yanke wa murya hukunci daga gurɓataccen kwafi. Masu ɗorawa a YouTube da TikTok kan ƙara wa shiri sauri ko su ɗaga sautin don kauce wa masu haƙƙin mallaka, su kuma datse sama da ƙasan hoton ya cika allo. Sai wani ya zo yana cewa muryar Shaggy na Scooby-Doo tsiwa gare ta. Haba malam, ai ba ainihin muryar Casey Kasem, mai yin Shaggy, ka ji ba! Ko a talabijin ɗinmu na da, tsarin PAL hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, fim kuwa 24 ne. Duk kwafin da aka juyo kai tsaye daga fim yakan ƙara gudu da kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan tashi. Maganin: samo kwafi biyu na kashi ɗaya, ka kwatanta tsawonsu, ka riƙe wanda ya fi tsawo kuma yake da baƙin gefe dama da hagu. Amma kada ka zarme. Muryoyin Daffy Duck da Tweety da Porky Pig tun a situdiyo aka ƙara musu sauri da gangan.

Danganta wa ɗan wasan murya Mel Blanc kowace murya ta Looney Tunes, katun ɗin su Bugs Bunny, ma kuskure ne. Kwantiraginsa ce ta sa shekaru da yawa sunansa kaɗai ke fitowa. Elmer Fudd na Arthur Q. Bryan ne, tsohuwar nan mai Tweety kuma Bea Benaderet ce, daga baya June Foray. Blanc ya rasu a 1989, don haka Bugs Bunny na wannan ƙarnin wani ne.

Tom and Jerry ba don talabijin aka yi shi ba, na sinima ne tun 1940. Kuma ba hannu ɗaya ba ne: kashi 114 na Hanna da Barbera, 13 na Gene Deitch da aka yi a birnin Prague, 34 na Chuck Jones. A na farkon, ihun Tom na Hanna ne da kansa, kiɗan kuma na Scott Bradley.

Voltron da aka sha kallo a NTA kuwa, kada ka zargi 'yan wasan in baki ya saɓa da magana. Asalinsa na Japan ne, GoLion, a 1984 aka ɗora masa Turanci bayan an gama zane tuntuni, dole mai magana ya cusa jimlarsa cikin buɗe bakin da ya tarar.