Darasi na Bakwai: Shimfiɗa Tayil a Kan Daɓen Siminti

A da, idan an gama ginin ɗaki a birnin Zariya, mata ne ke taruwa su yi daɓe da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba don ya yi ƙarfi. Yau siminti ya maye gurbin wannan daɓe, kuma magidanta da yawa suna son ɗora tayil a kansa. Mutum yana iya yin ɗaki guda da hannunsa, muddin ya san cewa ingancin aikin yana ga daɓen da ke ƙasa.

Babban abin tsoro shi ne danshi. Idan daɓen sabo ne, a ba shi aƙalla kwana 28 kafin a ɗora masa komai. Idan tsoho ne, a yanko leda, a shimfiɗa ta a tsakiyar ɗakin, a manne gefunanta da salatif, a bar ta kwana guda. In an ɗaga aka tarar da gumi a jikinta, ko simintin ya yi duhu, to ruwa yana tasowa daga ƙasa, kuma wajibi ne a gyara magudanar da ke bayan bango tukuna. Wannan gwaji ya fi faɗin gaskiya a cikin marka, wajen watan Agusta, domin da hunturu kowane daɓe a bushe yake, har ya yaudari mai gida.

Bayan haka a ɗora miƙaƙƙen katako a wurare daban-daban. Inda aka ga rami a cike shi da kwaɓin siminti da yashi, inda aka ga tudu a sassaƙe shi. Daɓen da ya yi santsi sai an ɗan sassare fuskarsa, a share ƙura, a wanke maiƙo, don gam ɗin manna tayil ya kama.

Ga lissafin saye. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi yana cin tayil kamar 84 mai santimita 40 kowane gefe. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, wato a sayo kamar 93. Ko a Sabon Gari za a saya ko a Tudun Wada, a duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, saboda launi yakan ɗan saɓa.

A ja igiya biyu su gitta juna a tsakiyar ɗakin, a fara jerawa daga nan, yadda yankakkun za su faɗa gindin bango. A kwaɓa gam ɗan kaɗan, gwargwadon abin da za a yi aiki da shi kafin ya sandare, musamman lokacin iskar hunturu. A shafa shi ya game bayan tayil ɗin duka, a danna, a bubbuga da gudumar roba, a bar tazarar milimita 3 tsakanin kowane biyu. Wanda aka ƙwanƙwasa aka ji yana ƙara kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma ƙafar gado za ta fasa shi. Gara a ɗaga shi nan take.

Kada kowa ya taka sai bayan awa 24. Daga nan a cike tsakankanin da farin siminti, a goge da soso mai laima kafin ya bushe a fuskar tayil ɗin.