Yadda Mai Koyo Zai Fara Tuƙa Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi

Duk wanda zai fara koyon tuƙa jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu, irin wanda masu ɗaukar hoton biki suke amfani da shi, ya fi masa alheri ya nemi ƙarami mai garkuwa a kewayen farfelunsa, domin da wuya mai koyo ya tsallake kwanakin farko bai kayar da shi ba. A nemi fili mai faɗi wanda babu mutane, bishiyoyi ko wayoyin lantarki, a fita da sassafe kafin iska ta taso. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura, saboda jirgin yakan ɓace wa ido, ƙura kuma tana shiga injinansa.

A yawancin rimot, sandar hagu ce take ɗaga jirgi ko sauke shi, ita ce kuma take juya fuskarsa, ta dama kuwa tana kai shi gaba da baya, hagu da dama. Kafin a tashi, a jira ya kama taurarin GPS, wato taurarin ɗan'adam masu nuna masa inda yake, ya ajiye wurin da zai dawo. Darasin farko shi ne a ɗaga shi kamar mita 2, bayansa yana fuskantar matuƙi, a bar shi tsaye a wuri guda, sannan a sauke shi a hankali. A maimaita wannan har yatsu su saba da taɓa sanda kaɗan-kaɗan, domin fizga ce take kai shi bango.

Inda masu koyo suka fi rikicewa shi ne lokacin da jirgin ya juyo yana kallonsu, domin a nan damarsa ta zama hagunsu. Idan haka ta faru, a saki sandunan biyu, jirgi mai GPS zai tsaya cak, sai a juya fuskarsa a ci gaba.

A sauko da shi tun batir yana da kamar kashi 30 cikin ɗari, kada a bar batir a mota cikin rana, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi. Ƙasashe da dama sun hana wuce mita 120 a sama. A Najeriya ana neman izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma wajibi ne a nisanci filin jirgin sama da barikin soja, a kuma guji leƙa cikin gidajen mutane da kyamara.