Yadda Ake Ɗaure Safayar Taya a Tsohuwar Ƙaramar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Agege zuwa Oshodi a Legas cikin tsohuwar Golf ko Starlet ya san ƙarar da ke tashi daga but da zarar mota ta faɗa rami. Sau da yawa safayar taya ce ke tsalle a mazauninta, domin abin da ke riƙe ta ya ɓace tun a hannun mai motar na farko. Direbobi kan raina wannan matsala, alhali taya da rim ɗinta sun haura kilo 10, kuma a irin waɗannan motoci jinginar kujerar baya ce kaɗai ta raba but da fasinja. Idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, wannan nauyi gaba zai nufa.

Da farko ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka ja birkin hannu, ka kwashe kayan but, sannan ka ɗaga shimfiɗar ka fitar da tayar. A tsakiyar ramin za ka ga wani noti da aka like da walda a jikin ƙarfen, wanda doguwar kusa mai zare ke shiga bayan ta ratsa rim. A nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Damunar Legas doguwa ce, ga ambaliya, ga iskar teku mai gishiri, kuma ruwa na shiga ta robar murfin but ko ta gefen fitilun baya ya kwanta a ramin tsawon watanni ba wanda ya sani. Ka tsane ruwan, ka kankare tsatsa da burushin ƙarfe, sannan ka danna kewayen notin da bakin sukundireba. Idan ƙarfen ya lotsa ko ya ɓurme, ɗaure kusa a kansa ba shi da amfani sai mai walda ya sa sabon faranti. Sai dai ka tsaya a kansa, ka tabbata ya duba ƙarƙashin motar kafin ya kunna wuta, saboda tankin mai da bututunsa ba su da nisa da wurin.

Idan ƙarfen lafiya yake, kusar ce kawai babu, ana samunta a kasuwar Ladipo da ke Mushin, wajen masu sayar da kayan motocin da aka farfasa. Ka faɗi sunan motar da shekararta, kuma ya fi kyau ka je da motar a gwada a gabanka, domin kusar da zarenta bai dace ba za ta cinye zaren notin. Ka haɗa da faffaɗan wosha ko murfin da ke danne rim. A ganina wannan ya fi igiyar roba da wasu ke ɗaurawa, wadda zafin but ke busarwa ta tsinke.

Kafin ka mayar da tayar, ka kai ta wurin mai faci ya auna iskarta. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma tayar da ta tsufa har gefenta ya tsattsage ba za ta fitar da kai ba ranar da kake tsakiyar gadar Third Mainland. Idan siririyar safaya ce ta wucin gadi, yawanci iskarta 60 ce a ma'aunin masu faci, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita.

Sai ka shimfiɗa guntun tabarmar roba a ƙasan ramin, ka kwantar da tayar, ka shafa ɗan giris a zaren kusar, ka fara murza ta da yatsu har ta kama daidai. Ka ɗaure da ƙarfin hannu kawai, ba da sufana ba, domin wata rana cikin dare ko ruwan sama za ka kwance ta. Ka kama tayar da hannu biyu ka girgiza. Idan ta motsa, ka ƙara wosha. Jak da sufanar taya kuma a naɗe su a tsumma a cusa su cikin rim ko mazauninsu.

Wasu motocin, kamar Peugeot 206, safayarsu a waje take, cikin kejin ƙarfe a ƙarƙashin but, ana sauke ta ta hanyar kwance wata kusa daga ciki. Irin wannan keji yana shan laka, don haka ka sauke shi, ka wanke ƙugiyar, ka shafa mata giris, ka tabbata ta kama sosai bayan ka mayar. Wanda motarsa ke kwana a bakin titi ya ratsa sarƙa ta cikin rim da kejin ya sa kwaɗo, ya naɗe kwaɗon da leda don kada tsatsa ta cinye shi, mabuɗin kuma ya haɗa shi da na motar.