Ƙwannafi da diyyar tsofaffin sojan Amurka: abin yi idan VA ta ce a'a

Daga cikin 'yan uwanmu da suka samu katin zama na dindindin a Amurka, wasu kan shiga aikin soja, tun da doka ta yarda mai wannan katin ya shiga ko bai zama ɗan ƙasa ba. Wanda ya gama aiki ya fito da ciwon da aikin ya jawo masa, yana da haƙƙin neman diyyar wata-wata daga ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA. Kuɗin ba a cire musu haraji, kuma ko ka koma Kano, Zinder ko Kumasi da zama, haƙƙinka yana nan.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ake yawan jayayya a kansu shi ne ƙwannafi mai naci, wanda likitoci ke rubutawa GERD: ruwan tsamin ciki ya riƙa haurowa yana ƙona hanyar abinci. Mu kuwa mun saba raina shi. Mutum ya sha ɗan jiƙon kanwa, ko ya sayi ƙwayar ƙwannafi ta Tums a kanti, ya ci gaba da sha'aninsa, don yana ganin zuwa asibiti saboda zafin ƙirji ragwanta ce. To VA ba ta san juriya ba, takarda ta sani. Abu uku take nema: likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, akwai abin da ya faru ko alamar da ta bayyana lokacin kana sanye da kaki, sannan akwai hujjar da ta haɗa biyun. Don haka duk wanda yake cikin aiki har yanzu, ya je asibitin bariki a rubuta.

Idan ba a rubuta ba fa? Ba a rufe ƙofa ba. Ana amincewa da ciwon da ya biyo bayan wani ciwon da VA ta riga ta karɓa. Sojan da ya shekara da shekaru yana haɗiyar ibuprofen saboda gwiwa ko baya, shi kansa maganin yana iya tayar masa da ƙwannafi. A nan wasiƙar likita ce makaminka. Ba sai ya rantse cewa lallai daga nan ciwon ya fito ba. Ya isa ya bayyana, da dalilai, cewa yiwuwar hakan ta kai kashi 50 cikin 100. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a yanke wa tsohon soja. Shaidar matarka ko abokin aikinka da ya ga kana kwana a zaune ita ma tana shiga, da fom 21-10210.

Ka lura da ranar 19 ga Mayu, 2024. Kafin ita, ana auna ciwon da ma'aunin lamba 7346, mai ba da kashi 10, 30 ko 60 cikin 100 na nakasa (da wannan kashin ake lissafa kuɗin wata) gwargwadon alamu irin su amai, zafin ƙirji da wahalar haɗiya. Daga ranar aka ba shi lambarsa, 7206, mai kashi 0, 10, 30, 50 ko 80, sai dai hankalinta ya karkata ga tsukewar hanyar abinci: sau nawa a shekara likita ke buɗa ta, an sa maka bututu ko an yi tiyata. A ganina sabon ma'aunin ya fi tsauri ga mai fama kullum wanda hanyarsa ba ta tsuke ba. Wanda ya shigar da nemansa kafin ranar, ya nemi a duba shi da tsohon ma'aunin ma.

Yanzu ga batun ɗaukaka ƙara. Tun 19 ga Fabrairu, 2019, hanyoyi uku ne. Idan kana da sabuwar hujja, kamar sakamakon kyamarar da aka zura ta maƙogwaro ko wasiƙar likitan nan, fom 20-0995 za ka cike. Idan hujjarka ta cika amma mai dubawa ne ya yi kuskure, fom 20-0996 zai kai fayil ɗinka gaban babban ma'aikaci. Ba a ƙara ko takarda ɗaya, amma kana iya neman ku yi magana ta waya. Ta uku ita ce hukumar alƙalai ta Washinton, da fom 10182, kuma jiranta kan wuce shekara. Mai ƙwannafi da aka ƙi saboda rashin alaƙa da aiki, ta farkon ce ta fi dacewa da shi, domin sake karanta fayil ɗin da babu hujja a ciki ba zai haifar da komai ba.

Shekara ɗaya gare ka daga ranar da ke kan wasiƙar hukunci. Ka motsa a cikinta, idan ka yi nasara a biya ka ariyas tun daga asalin ranar nemanka. Ka bari ta wuce, kuɗin baya kan salwanta. Masu tafiya gida dogon hutu su bar wanda zai riƙa buɗe musu akwatin wasiƙa. Idan alƙalan ma suka ƙi, kwana 120 kacal ake bayarwa don zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji.

Ranar da VA ta tura ka wurin likitanta don ya auna ciwon, kada ka amsa da "lafiya lau" kamar gaisuwar ƙofar masallaci. Faɗi yadda ranarka mafi muni take, ba ƙari ba ragi, kuma kada ka fasa zuwa.

Taimako kyauta ne a ƙungiyoyi irin su DAV, VFW da American Legion. Lauya ba ya da ikon cajinka sai bayan an yanke hukuncin farko, kuma galibi kashi 20 na ariyas yake ɗauka. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya da kowa, duba sunansa a jerin waɗanda VA ta tantance a shafinta na intanet.