Kurakuran da na gaji da gyarawa wajen sako maganar gefe da Turanci

Duk ajin da na karɓa na masu shirin jarrabawar IELTS, ta gwada ƙwarewa a Turanci, sai na sami wanda ya zo da dogon jeri a littafinsa: "incidentally", "in passing", "as an aside", "tangentially", "apropos". Ya haddace su tsaf, a gefen kowace kuma ya rubuta fassara ɗaya tak, wai "af". Jan birona ya ƙare a kan abu ɗaya, shi ya sa zan faɗa a nan kowa ya ji.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne ɓoye muhimmiyar magana a bayan waɗannan kalmomi, don ni ma ya taɓa cin kuɗina. Kowa ya san yadda muke kai buƙata gidan babba. A gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a taɓa hira, sai an miƙe an kai bakin zaure sannan a ce, "Af, Alhaji, dama akwai 'yar magana." Maigida ya san wannan 'yar maganar ce ta kawo ka, kunya ce da kara suka sa ka jinkirta ta. To, wannan tarbiyyar na kwasa na kai cikin imel. Ina yi wa wata ƙungiya aikin fassara, kuɗina na wata biyu ya maƙale, ga mai gidan haya yana ta aike. Na rubuta wa jami'ar da ke kula da aikin sakin layi uku a kan inda fassarar ta tsaya, can ƙasa na liƙa cewa, "Incidentally, my payment for the last two months has not arrived." Ta amsa kowace tambaya daki-daki, maganar kuɗi ko uffan. Haka na zauna mako uku ina duba waya, har sai da na ranci kuɗin hayar wajen ƙanina. Da muka yi magana daga baya ta ce ta ga jimlar, amma tunda ni da kaina na ajiye ta a gefe, ta ɗauka ba ta gaggawa ba ce. Kuma gaskiyarta. Aikin "incidentally" ke nan, ta sanar da mai karatu cewa abin da ke biye ba shi ne ya kawo ka ba.

Tun daga lokacin, kafin in aika kowace wasiƙa sai in rufe jimlar da ta fara da "incidentally" ko "by the way" da babban yatsana, in sake karantawa. In wasiƙar ta biya buƙatata ba tare da ita ba, sai in bar ta. In kuwa na ga abin da ya sa na zauna rubutun ne ke ƙarƙashin yatsa, sai in cire kalmar, in ɗauko maganar in kai ta layin farko. Maganar kuɗi kam wasiƙarta daban nake yi mata.

Sai "allude to", kuma a nan zan yi faɗa. Haba jama'a! Minista ya tsaya rabin sa'a yana karanto alƙaluman kasafin kuɗi baro-baro, kai kuma ka rubuta "he alluded to the budget", don kawai ka ga ta fi "mention" kwarjini. "Allude to" hannunka-mai-sanda ce, a nuna abu a fakaice ba tare da an kama suna ba. In ya ambata, "mentioned". In ya ɗan taɓo ya wuce, "touched on" ko "mentioned in passing". Mai duba takarda ba tsawon kalma yake ba wa maki ba, yana duba ko ta zauna inda ya dace. Wasu ma "elude" suke rubutawa, wadda ke nufin kuɓucewa, sai jimlar ta koma cewa ministan ya tsere wa kasafin.

Akwai kuma masu yin ratse su manta hanyar dawowa. A kashi na biyu na jarrabawar baka ta IELTS minti 1 ake ba ka ka shirya, ka yi magana har minti 2. Wata ɗalibata an ce ta bayyana wata tafiya da ta yi, ta ce "as an aside" ta shiga labarin bikin yayarta, lokaci ya cika ba ta ko sauka daga mota ba. Ni bibbiyu nake sa a haddace su, ta fita da ta dawowa: "to digress for a moment" da "to return to my point", "by the way" da "anyway". Jimla ɗaya ko biyu a waje, a dawo. A rubutun Task 2 kuwa, wato muƙalar da ake rubutawa a jarrabawar, mai kalma 250 zuwa sama cikin minti 40, ban yarda a yi ratse ko ɗaya ba.

"Incidentally" ba "accidentally" ba ce, ta biyun ce ke nufin bisa kuskure. "Apropos" daga Faransanci take, ba a furta harafin ƙarshe, kuma in ba za ka iya faɗarta ba tare da tsayawa tunani ba, ka bar ta a littafi. "BTW", wato "by the way" a taƙaice, ta WhatsApp ce, kada ta shiga takardar neman aiki. "Tangentially" daga lissafi aka aro ta, layin da ya taɓa da'ira a wuri ɗaya ya wuce, don haka in malami ya rubuta maka "only tangentially related" a gefen takarda, cewa yake ka kauce wa tambayar, ka koma ka sake sakin layin.